Kowane Dankali da Tukunyarsa: Shawarwari ga Gidajen Zawaciki

Ƙorafi iri biyu ake yawan ji a kan dankalin turawa a gidajenmu. Wata ta ce ta soya shi ya shanye mata mai, ya fito lagwaf, bayansa ya yi duhu tun cikinsa bai nuna ba. Wata kuma ta ce ta zuba shi a miya, kafin ta gama wanke-wanke ya narke, an nemi dankali an rasa. Duka biyun a wuyan mai girki ake rataya laifin, alhali tun a kasuwa aka gama magana. Wanda ya lalace a kasko, da miya aka sa shi da ya yi kyau. Wanda ya narke a miya kuwa, da shi aka soya da yara sun yi rububinsa.

A Zawaciki da maƙwabtanta irin su Fanshekara, gidaje da yawa albashin kamfani suke jira, kuma galibi maigida ne ke cefane. Wani ya tsaya wurin masu kasawa a hanyarsa ta dawowa daga Chalawa ko Sharaɗa, wani da ke aiki can Bompai ya ratsa 'Yan Kaba kafin ya ƙetaro gari. Mai saye daban, mai dafawa daban, ga tsadar man gyaɗa, ga gas da ake aunawa kilo-kilo. Saboda haka waɗannan shawarwari na su biyun ne.

1. A faɗi abin da za a dafa kafin a fita cefane. "A sayo dankali" ba cikakken saƙo ba ne. Uwargida ta ce na suya take so, ko na fate, ko na miya, domin dankalin turawa gida biyu ne. Akwai mai gari: sitacinsa da yawa, ruwansa kaɗan. Idan ya dahu sai ya dare, ya yi wasar-wasar a baki, ya tsotse romo ya riƙe ɗanɗanonsa. Akwai kuma mai danƙo, wanda ruwa ya fi yawa a jikinsa. Shi ko ya daɗe a wuta yana nan da siffarsa, wuƙa na ratsa shi sumul, kuma yana da ɗan zaƙi-zaƙi. A ma'auni tazarar ba ta da yawa. Idan aka busar da dankali ƙarau aka auna abin da ya rage, mai gari kan bar kimanin kashi 20 zuwa 24 cikin 100 na nauyinsa, mai danƙo kuma 16 zuwa 18. Amma wannan 'yar tazarar ce ke raba soyayyen dankali mai ƙaras-ƙaras da wanda ke lanƙwashewa a hannu. Mai gari na suya ne, da gashi, da murjewa ga yaron da ake shirin yayewa. Mai danƙo na miya ne, da farfesu, da salak, da cikin samosa. Tsakaninsu akwai na tsaka-tsaki, wanda ba ya burgewa a ko'ina amma ba ya kunyata kowa.

2. A san sunayen, ko da mai tebur bai sani ba. Mafi yawan dankalin turawan da ke shigowa Kano daga Jihar Filato yake, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Fankshin, inda tudu da sanyi suka yi masa daidai. Manomin can ya san sunan abin da ya shuka. Amma kafin buhu ya bi ta hannun dillali da ɗan sari ya iso gaban mai kasawa a bakin titi, sunan ya zube a hanya, sai dai a ce "na Jos", manya ko ƙanana. To, sai ido ya yi aikin.

Nicola tsohon iri ne a gonakin Filato, asalinsa daga Jamus, inda aka fitar da shi a 1973. Dogo-dogo ne, ɓawonsa rawaya mai santsi, cikinsa rawaya sosai. Shi ne sarkin masu danƙo, kuma a ganina babu kamarsa a farfesu. Marabel ma na Jamus ne, ya fi Nicola cika da faɗi, cikinsa rawaya, yana riƙe jikinsa a tukunya amma ya fi saurin laushi. Idan iri guda za a saya don girkin mako, shi ya fi sauƙin sha'ani. Diamant kuwa daga Holan ya zo, cikinsa bai kai waɗancan rawaya ba, ya fi su gari, shi ya sa yake kyau a kasko.

A 2023 an ƙaddamar da sababbin iri 4 a Najeriya, aikin haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa, wadda ke da reshen dankali a Kuru kusa da Jos, da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a ƙasar Peru. Sunayensu Unica, Juriya, Babban da Kyau. Unica jan ɓawo gare shi, tun 1998 ake nomansa a Peru, kuma an san shi da kyau a suya. Na kawo shi ne don masu cewa jan dankali na miya ne kawai. Launin ɓawo ba hujja ba ne.

Wani zai ce me ya kawo yawan iri haka, ba a zaɓi mafi daɗi a tsaya a kansa ba? Ƙasar Ayalan ta gwada. Talakawanta sun dogara kusan ga iri guda mai suna Lumper, sai cutar ƙunar ganye ta shigo a 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum kusan miliyan 1. Wannan cutar dai ita ke addabar manoman Filato a daminar da ruwa da hazo suka yi yawa, kuma neman irin da ke jure mata na cikin dalilan fito da sababbin irin. Idan aka ga kwanon dankali ya yi tashin gwauron zabo a tsakiyar damina, sau da yawa daga can gona matsalar ta taso.

3. A gwada shi a gida kafin a ɗora tukunya. Tunda ba suna a jikinsa, ga gwaji biyu. Na farko, ki raba guda ɗaya biyu, ki goga fuskokin da juna na ɗan lokaci. Idan farar kumfa ta fito a gefe, ɓarin biyu suka manne har kika ɗaga na sama na ƙasa ya biyo shi, mai gari ne. Idan ruwa kawai ya tsattsafo suna zamewa, mai danƙo ne. Na biyu ya fi tabbas: ki narka gishiri awo 1 a ruwa awo 11, da kowane gwangwani ko ludayi kika auna, ki jefa dankalin. Mai gari zai nutse, mai danƙo zai taso ko ya tsaya a tsakiya. Sau da yawa kwano guda haɗe yake da iri biyu ko uku, don haka a ruwa ɗaya za ki ware na suya gefe, na miya gefe. A ɗauraye su da ruwa mai kyau, a dafa a ranar.

4. A bambanta sabon haƙa da wanda ya kwana biyu. Maigida, sa babban yatsanka ka murza ɓawon. Idan ya saluɓe, sabon haƙa ne da bai gama ƙosawa ba. Irin wannan, ko wane iri ne, ruwa da suga sun fi yawa a jikinsa, sitaci bai gama taruwa ba. Dafa shi da ɓawonsa a ci da mai da yaji, ko a miyar ƙwai, daɗinsa ba a magana. Amma kada a soya shi, kuma kada a sayi mai yawa don an ga araha, ba ya ajiyuwa.

A Filato ana shuka na damina wajen Afrilu da Mayu, a haƙe daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da kasuwa ke cika farashi ya sauko. Na rani kuma, wanda ake ba ruwa, yakan fito daga Janairu zuwa Maris. Shi na rani ya fi bushewar jiki da tsabtar ɓawo, ya kuma fi jure ajiya. Haka maƙwabtanmu na Nijar ke nomansa da sanyin hunturu a Bonkuku, da kuma lambunan duwatsun yankin Agadas. Tsakanin girbin damina da na rani ne dankali ke tsada. Sai kuma azumi, da kowane gida ke son dankali da ƙwai a buɗa-baki; wanda ya samu hali ya sayi na makon farko tun kafin a ga wata.

Kuma manya ba su ne masu daɗi ba. Girma na da amfani ga mai suya, don fira ba ta cin lokaci kuma yanka na fitowa dogo. Ga fate da miya kuwa, ƙanana sun fi araha, ɗanɗanon duk ɗaya.

5. Suya tana da ƙa'ida, kuma kiyaye ta ne ke rage shan mai. A yanka daidai wa daida, kaurin ɗan yatsa. A jiƙa a ruwan sanyi minti 20 zuwa 30 don sitacin da ke bayansa ya fita, shi ne ke sa su manne da juna. A tsane, a goge da tsumma mai tsabta har ya bushe. Dankali mai jiƙe yana kashe zafin mai, kuma man da ya huce shi ke shiga cikin dankali ya zauna. Haka ma cika kasko: gara a soya kashi biyu da a zuba gaba ɗaya.

Ku lura da matan da ke tuyar dankali da awara a bakin titi da yamma, ba agogo suke dubawa ba, kunne suke kasawa. Da an zuba, man zai ɗauki ƙara yana tafarfasa da manyan kumfa, ruwa ke fita ke nan. Can sai ƙarar ta lafa, kumfar ta koma ƙanana, yankan su taso sama, in an taɓa su da matsami a ji suna ƙwas-ƙwas da juna. Nan ake kwashewa. Gishiri bayan an kwashe ake barbaɗawa.

Mai son ƙaras-ƙaras na gaske ya soya sau biyu: da farko a wuta marar ƙarfi har cikin ya nuna ba tare da ya canza launi ba, a kwashe ya huce, sannan a mayar a mai mai zafi sosai na minti 2 ko 3. Idan kuwa mai danƙo maigida ya kawo kuma yara sun kafe sai soyayye, kada a yi faɗa. A tafasa yankan a ruwan gishiri minti 4 zuwa 5, a tsane, a bar tururin ya fita, sannan a soya. Ba zai kai na mai gari ba, amma zai ciwu. Ko kuma a sauya shawara: a dafa, a yanka ƙanana, a soya albasa da attaruhu a cokali 2 na mai, a juya dankalin a ciki, a fasa ƙwai a kai. Man da za a ƙarar a wannan bai kai rubu'in na suya ba.

A tsaya a launin zinariya. Dankalin da aka soya har ya yi duhu yana tara wani sinadari da hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka ke shawartar a rage ci, ga kuma ɗaci.

6. Fate yana son iri biyu a tukunya guda. Kashi biyu mai danƙo, kashi ɗaya mai gari. Mai garin zai narke ya ɗaure romon, mai danƙon ya tsaya a ga dankali a faranti. Idan iri guda ne a gida kuma ya ƙi narkewa, ki ɗebi kaɗan ki murje da bayan ludayi ki mayar.

Akwai abu biyu da ke canza halin dankali a tukunya. Tsami yana ƙarfafa shi: wanda aka zuba cikin tumatirin da bai gama soyuwa ba zai daɗe bai nuna ba, yana cin gas a banza. Don haka a bar kayan miya su soyu tsaminsu ya mutu, ko a fara tafasa dankalin daban. Amma zuba shi cikin tsamin dabara ce ga wadda mai gari kawai ke hannunta kuma miya za ta yi; tumatirin zai hana shi watsewa. Kanwa kuwa akasin haka take yi, tana narkar da shi da sauri. Ba na goyon bayan sa ta a dankali: tana dusashe ɗanɗano, tana kuma kashe sinadarin bitamin C da ke cikinsa. In sauri ake, a rage girman yanka.

Idan gudansa za a dafa, a ɗora shi a ruwan sanyi da gishiri su yi zafi tare. Wanda aka jefa a tafasasshen ruwa bayansa ke faffashewa cikinsa na nan ɗanye. Alayyahu kuma sai an kusa saukewa.

7. A daina raina dankalin Hausa. A wasu gidajen ana ganin na turawa shi ne abincin fita kunya, na Hausa kuma na ranar da aljihu ya yi sanyi. Ni dai ban yarda da wannan rabon ba. Na Hausa ya fi araha, ya fi riƙe ciki, a nan ƙasar Kano ake nomansa, yana son zafin da na turawa ke gudu, kuma daga kaka zuwa hunturu ga shi nan tuli a kasuwannin ƙauyukan Kano irin su Rimin Gado. Su biyun ma ba dangi ba ne. Na turawa ɗan gidan su tumatir da gauta da attaruhu ne. Na Hausa kuwa danginsa su duman kada ne, masu yaɗo a ƙasa.

Shi ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan cikin ake dubawa. A roƙi mai sayarwa, "Malam, ɗan karya mini guda in gani," ba zai ƙi ba. Mai ciki fari, ko ɓawonsa fari ne ko ja, shi muka fi sabawa da shi: gari gare shi, zaƙinsa daidai, yana shaƙe maƙogwaro in ba ruwa kusa. Shi ne na suya, don yana fitowa da ƙarfinsa, shi ne kuma na dafawa a ci da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Mai ciki ruwan madara ko rawaya-rawaya ya fi zaƙi da laushi, ya fi kyau a gashi. A fate, in dai da shi za a yi, a ƙara attaruhu da daddawa da busasshen kifi, su ne ke danne zaƙin. In ba haka ba mazan gidan za su ce an ba su abincin yara.

Sai mai ciki ruwan lemo, wanda ya kamata kowane gida mai ƙananan yara ya nema. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa da ke Umudike ta fitar da King J a 2012, Mother's Delight a 2013, Solo Gold a 2018. Launin nasa daga sinadarin da ke cikin karas ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, maganin dundumi kuma mai ƙarfafa garkuwar jikin yaro. Kimanin giram 125, wato guda ɗaya madaidaici, ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini. Aikin yaɗa irin wannan dankali a Afirka ne ya sa Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low suka shiga cikin waɗanda aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 2016. Sai dai a faɗi gaskiya: wanda ya saba da mai gari zai ji shi da ruwa-ruwa da taushi, musamman Mother's Delight, King J ya fi shi gari. Saboda haka kada a dafa shi a ruwa mai yawa. A turara shi, ko a gasa. A murje wa yaro da ɗan man gyaɗa, domin sai da maiƙo jiki ke iya tsotsar sinadarin. Murjajjensa kuma yana shiga kwaɓin fanke da cincin da burodi, ya rage fulawa, ya rage suga.

8. Zaƙin dankalin Hausa a hannun mai wuta yake. A cikinsa akwai abin da ke juya sitaci ya koma suga idan zafi ya kai kimanin digiri 60 zuwa 75, kuma da zafin ya wuce nan sai aikin ya tsaya. Shi ya sa wanda aka binne a toka mai zafi ko aka gasa a hankali bisa garwashi yake tsattsafo da ruwa mai danƙo, ya fi dafaffe zaƙi nesa ba kusa ba. Mai son rage zaƙi, misali don fate, ya yanka ƙanana ya zuba a romon da ke tafasa. Wanda ya yi mako ɗaya ko biyu da haƙa ma ya fi sabo zaƙi. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin amfaninsa, shi ya sa suke haɗa busasshen dankali a niƙa. Duk gidan da ya samu arahar kaka ya fere, ya yayyanka fale-fale, ya shanya a iskar hunturu a wuri mai tsabta, ya adana don kunu.

9. Kore da tsiro ba abin wasa ba ne. Dankalin turawan da ya sha rana ko hasken fitila ɓawonsa kan yi kore, kuma tare da koren nan wata guba ke taruwa a ƙarƙashin ɓawo da wajen idanun da ke tsiro. Tana sa amai da gudawa da ciwon kai, ta fi yi wa yara illa, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Idan koren ɗan tabo ne, a yanke shi da kauri, a ƙwaƙule tsiron har gindinsa. Idan ya mamaye rabin dankalin, ko ya yamushe ya cika da tsiro, ko an ɗanɗana an ji ɗaci da ƙaiƙayi a harshe, a zubar. Maigida ya kula da kashin da ya yini a rana a bakin titi, ya zaɓa daga ƙasan tuli ko daga cikin buhu. Ganyen dankalin Hausa ana miya da shi, yana da amfani. Ganyen na turawa ba a ci.

10. Ajiya a zafin Kano sai da dabara. Dankalin turawa ya fi son wuri mai duhu da sanyin digiri 7 zuwa 10. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40. Don haka a bazara a sayi na kwana 4 ko 5 kawai. Sarin rabin buhu sai da hunturu, kuma gara gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba. Da an shigo da shi a juye daga leda, don leda na sa shi gumi ya ruɓe. A baza shi a kwando ko buhun algarara a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu, a rufe da takarda saboda haske. Kada a wanke sai za a dafa. A raba shi da albasa. A riƙa dubawa, duk wanda ya yi taushi ko ya fara wari a fitar da shi a ranar, kafin ya shafi na kusa da shi.

Firji ba wurin na suya ba ne. Sanyi mai yawa na mayar da sitacinsa suga, sai ya yi duhu a kasko tun bai nuna ba, ya yi wani zaƙi da bai dace da shi ba. Balle ga wutar da ke zuwa ta ɗauke, ya yi sanyi ya yi gumi. Na Hausa ma ya fi tsanar firji: ƙasa da digiri 13 cikinsa kan taurare, ko an dafa ba ya laushi. Shi babban abokin gabarsa ƙwaro ne mai huda shi. A duba ƙananan ramuka baƙaƙe a ɓawo, musamman wajen kai. Wanda ƙwaron ya shiga ɗaci gare shi da wani wari, guda ɗaya ya isa ya ɓata tukunya. A guji kuma wanda fartanya ta sara, ta nan ruɓa ke shiga.

11. Abincin tafiya aiki ba kowane dankali ke jure shi ba. Wanda zai fita da asuba ya kama aikin safe a Chalawa, ko ya kwana a na dare a Sharaɗa, sai bayan awa 5 ko 6 zai buɗe kularsa. Soyayyen dankalin turawa a rufaffiyar kula gumi yake yi, ya saki jiki, ya koma abin tausayi. Abin da ke jure wannan zama shi ne mai danƙo a miya ko farfesu, ko fate mai kauri da aka zuba da zafinsa. Soyayyen na Hausa ma yana riƙe jikinsa, ko ya huce ana cinsa da yaji, ga shi yana kai mutum la'asar bai nemi komai ba. In dai soyayye ne, a bar shi ya sha iska kafin a rufe, miyar kuma a ƙulla ta daban. Salak ɗin dankali mai mayonis kada ya bi kowa wurin aiki a wannan zafin, saurin lalacewa gare shi.

12. Mai ciwon suga ya kula da iri da kuma yadda aka dafa. Mai gari da aka murje ko aka gasa ya fi saurin ɗaga suga a jini. Mai danƙo irin Nicola, dafaffe da ɓawonsa, ya fi sauƙi, musamman idan an bar shi ya huce, domin wani ɓangare na sitacin kan daskare ya ƙi narkewa da wuri a ciki. Haka na Hausa: dafaffe ya fi gasasshe sauƙi. A ci kaɗan, tare da ganye da wake ko kifi, kada a haɗa shi da shinkafa a faranti guda. Yawan da ya dace da mutum kuwa, likitansa ne zai faɗa.

13. Idan kaka ta yi, a tambayi tumuku da rizga. Kafin Turawan haƙar kuza da 'yan mishan su yaɗa dankalinsu a tudun Jos, waɗannan ƙananan saiwoyi ake nomawa a can da kudancin Kaduna, kuma har yanzu ana kawo su kasuwa na ɗan lokaci bayan damina. Tumuku ƙanana ne masu duhun ɓawo, rizga kuma dogaye sirara. Fere su ɗanye wahala ce. A wanke, a dafa da ɓawon a ruwan gishiri, in sun huce a murza da yatsa ɓawon ya fita, a ci da ƙuli-ƙuli da yaji, ko a zuba a farfesu a madadin mai danƙo. Ba sa daɗewa bayan haƙa, don haka a sayi na kwana 2 ko 3 kawai.